Gindin Tanki Na Bakwai

Kawuna babba yana ɗanɗana yashi. Tun ina ƙarami na san shi da wannan hali. In muna tafe muka iske inda tifa ta juye yashin gini, sai ya tsaya ya tsuguna, ya ɗibi kaɗan da yatsu biyu ya kai baki, ya yi shiru kamar mai son tuna wani abu, sannan ya tofar. "Da gishiri," zai ce, ko kuma, "Wannan ya yi." Mahaifiyata, wadda ita ce ke bi masa, takan ce, "Haba Yaya, har a gaban mutane?" Shi kuwa sai ya goge yatsun a jikin wando ya ci gaba da tafiya.

Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a ma'ajiyar man fetur da ke bayan gari, wadda kowa ke kira defo. Tankoki goma sha ɗaya ne a cikinta, kowanne in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Da sharar ɗakin famfuna ya fara, har wani tsohon ma'aikaci ya lura cewa shi kaɗai ne ke wanke tsintsiya in ya gama, ya jawo shi ya koya masa awo. A can ba mai kiran sa da suna. Mai Mita ake ce masa, saboda 'yar na'urar awo mai ruwan ƙwai da ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Aikinsa shi ne ya hana tsatsa cin tankokin ta ƙasa, wato ta fuskar ƙarfen da ke kife a kan yashi, wadda tun ranar da aka girke tanki ba idon da ke sake ganin ta.

Abin da zan faɗa a nan, yawancinsa daga bakinsa na ji, bayan ya ajiye aiki, a barandar gidansa da yamma. Ba mutum ne mai yawan magana ba, sai dai in ka iya yin shiru yakan ci gaba.

"Tanki ba ta sama yake mutuwa ba," ya ce mini. "Ta ƙasa yake mutuwa, kamar haƙori. Ranar da ka ga mai yana tsatsafowa a gefe, ka makara da shekara biyar."

Ya ce babban abokin gabarsa ruwa ne, musamman in ya haɗu da gishiri. Shi ya sa yashin da za a shimfiɗa kafin a jera farantan ƙarfe dole ya zama busasshe, ba gishiri, ba curin laka, ba tsakuwa. In an gama gina tanki kuma, akwai leɓen ƙarfe da ya zagaye gindinsa a kan kankare, shi ake liƙewa da kwalta don kada ruwan sama ya sulale ƙasa. Sai kuma wuta. A cikin yashin an binne wasu sanduna, an haɗa su da waya zuwa wani akwatin lantarki da ke tura musu wuta 'yar kaɗan ba tsayawa, ta yadda tsatsa za ta bar tankin ta koma kansu. Kowane wata Kawu yakan bi tankokin ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa a wurare takwas a gindin kowanne, ya dasa kan mitarsa a ƙasa ya karanta. Kada lambar ta gaza ɗari takwas da hamsin. In ta kai, ya rubuta a littafi ya matsa gaba.

"To ka gani," ya ce, "in na yi aikina daidai, ba abin da zai faru. Wa ka taɓa ji an yaba wa don ba abin da ya faru?"

Daga wannan tambayar ce kullum zancen ke karkata zuwa ga ƙanensa.

Kawu ƙarami shi ne autan ɗakinsu, Auta kuma kowa ke ce masa, har abokan aikinsa. Shekara tara ce tsakaninsu. Ya taɓa tuƙi, ya taɓa gyaran rediyo, bai zauna a ko ɗaya ba, har Kawu babba ya kama hannunsa ya kai shi defo, ya roƙa aka sa shi cikin masu fenti. A nan ya samu wurin zama. Dogo ne, mai fara'a, ba ya tsoron sama. Yana reto a jikin igiya a wuyan tanki yana waƙa, direbobin tanka da ke layi a ƙasa suna amsa masa. Cikin shekara shida ya zama shugaban masu fenti. Shi ya kawo shawarar a riƙa zagaye kowane farin tanki da koren zobe daga sama, tun daga nan kuwa duk shekara hoton tankokin ne a kalandar kamfani. Wata shekara ma har da shi a ciki, yana tsaye a kan matakala, hular kwano a karkace. Kawu babba ya ce akwai safiyar da suka iso ƙofar defo tare, sabon mai gadi ya sara wa Auta, shi kuma ya tare shi ya ce ya nuna kati. Auta ne ya ce, "Bar shi, tare muke."

"Tare muke," Kawu ya maimaita mini, bayan shekara goma sha biyar, kamar yanzu aka faɗa. "Ni da na kawo shi."

Ɗakin aikinsa yana bayan ɗakin famfuna, ƙarami ne, taga ɗaya, tebur ɗaya, sai kantar littattafan awo. Duk shekara in aka raba kalanda yakan karɓi tasa ya rataye a ƙusa, amma a juye, fuskarta na kallon bango. A farin bayanta yake rubuta ranakun zagaye. In an tambaye shi sai ya ce takarda ce mai kyau, bai kamata a yi asarar bayanta ba.

Duk wannan da sauƙi, in ji shi, da ba don Inna ba. Inna ita ce mahaifiyarsu, kakata. Ina da shekara goma sha ɗaya, wata rana Kawu babba ya ɗauko mu a tsohuwar motarsa daga asibiti inda aka duba mata ido, hanya ta biyo da mu ta gaban defo. Rana ta daki tankokin suna ta walƙiya. Inna ta dafa gilashi.

"Rage gudu, rage gudu, in ga tankokin Auta."

Kawu ya rage gudun. Ya ce, "Inna, tankokin kamfani ne."

"Na sani. Amma ai shi ya mayar da su haka. Dubi wancan, kamar ƙwai."

"Ni ma fa a nan nake aiki, Inna. Na riga shi zuwa ma."

"To kai ina naka? Nuna mini."

Kawu ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya nuna ƙasa, inda ba a ganin komai sai katanga da ciyawa. Inna ta leƙa, ta ƙara leƙawa, sannan ta koma ta jingina tana dariya.

"Kai dai tun kana rarrafe kake son wasan ƙasa."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ni ma na yi dariya a lokacin. Da muka iso gida ya buɗe mata ƙofa, ya riƙe mata hannu ta sauka.

A cikin tankoki goma sha ɗayan, na bakwai ne nasa. Sauran ya tarar da su ne, ko an gina su yana wani sashe. Na bakwai kuwa a hannunsa aka shimfiɗa gindinsa, a shekararsa ta shida a defo. Tifa tara ya mayar da yashinsu, har direban ta ƙarshe ya rantse zai bi ta kansa. Da aka baje wanda ya yarda da shi, ya cire takalmi ya taka filin kaf da tafin ƙafa, layi-layi, yana tsince duk tsakuwar da ta soke shi. Kwana biyu ya yi yana wannan. Masu walda suna zaune a inuwa suna tambayar sa ko zoben matarsa ne ya faɗi. Ya san dokar kamfaninsu ce, in tanki ya shekara ashirin za a kwashe mansa a wanke shi, a shiga a auna gindin, a yanko ƙarfe a juya a duba. Tun a lokacin ya ƙirga ya ga ranar za ta zo saura 'yan watanni ya ajiye aiki. Rana ɗaya ke nan a duk tsawon aikinsa da wani zai ga abin da ya yi da ido. Ita ya yi ta jira.

Sai dai akwai abin da ya faru a shekara ta goma sha biyu da gina tankin, wanda bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

An zo sabunta fentin na bakwai. Kafin a shafa sabo sai an kankare tsohon da wani baƙin yashi mai kaifi da ake fesawa da iska. Mutanen Auta suka yi mako uku suna fesawa, suka shafa fari, suka zagaya koren zobe. Da suka gama suka share baƙin yashin, maimakon su fitar da shi sai suka tara shi a bayan tankin, ta gefen katanga inda ba a cika bi ba, tudu guda har gwiwa, a jikin leɓen gindin. Tayar baro kuma ta ɓantare kwaltar wurin kamar tsawon hannu.

Washegari da safe Kawu ya gani. Ya ce kafin ya yi wani tunani har ya koma ɗakinsa ya ɗauko shebur. Aikin awa biyu ne. Ya soka shebur ɗin a tudun, sai ya tuna cewa mako mai zuwa manyan kamfani za su zo ganin sabon fenti, manaja zai zagaya da su. Ya tsaya yana hango abin a ransa: sun zagayo baya, manaja ya yi turus, ya juya ya ce, "Auta, mene ne wannan?" a gaban kowa.

"Ba kora nake so a yi masa ba," ya ce mini. "Allah ya sani. Kalma ɗaya kawai. Sau ɗaya a rayuwa in ji an kira shi ba don yabo ba."

Ya zare shebur ɗin ya mayar ɗaki.

Manyan suka zo. Suka tsaya a gaban tankin, aka ɗauki hoto, aka ba Auta wani allon yabo mai gilashi, aka tafa, suka shiga motocinsu. Ba wanda ya zagaya baya. Kawu ya ce to, wata mai zuwa jami'in kula da haɗurra zai zo. Ya zo, ya duba tukwanen kashe gobara, ya tafi. Daga nan abin ya zama taurin kai: shara ba tasa ba ce, wanda ya tara ya zo ya kwashe. Da yana so, da ya tare Auta a ƙofa ya ce masa mutanensa sun bar masa datti. Bai yi ba, domin a lokacin sun shekara uku ba sa zancen aiki da juna. A gidan Inna suna gaisawa, su sha shayi tare, su tambayi lafiyar yara, amma da an ambaci defo Kawu babba zai tashi ya ce zai duba mota.

Damina ta sauka. Tudun ya jiƙe ya riƙe ruwa kamar soso, baƙin ruwa yana bin ɓantaren yana shigewa ƙasa. Watan farko mita ta nuna ɗari bakwai da casa'in a wurin. Na biyu, ɗari bakwai da ashirin. Ya rubuta su yadda suke, domin duk abin da ya yi a duniya bai taɓa yi wa littafin nan ƙarya ba. Ya ƙara wa akwatin wuta, lambar ta ƙi tashi. A wata na huɗu ya ga ɗari shida da goma. Ran Asabar da safe ya zo shi kaɗai da baro, ya kwashe tudun, ya busar da wurin, ya narka kwalta ya liƙe. Bayan wata biyu lambar ta koma daidai. Amma abin da ya riga ya shige ƙarƙashin ƙarfen ba shi da hanyar fita, shi kuma ba shi da hanyar gani.

Shekara takwas ya yi da wannan abu a ciki. Duk wata in ya zo wurin yakan daɗe a durƙushe, ya auna sau uku. Abin mamaki, in ji shi, haushin Auta maimakon ya ragu sai ya ƙaru. In ya hango shi yana raha da direbobi sai ya ce a ransa, dubi wanda ya ɓata mini tanki yana washe baki.

Ranar dai ta zo. An kwashe mai, an wanke, an bar iska ta yi makonni tana ratsawa, aka yanka ƙofa a gefe. Wadda kamfani ya turo ta duba gindin wata injiniya ce, gajera, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta zo da wata na'ura mai taya kamar keken jariri, ana tura ta a kan ƙarfe tana auna kaurinsa, in ta zo inda ya sirance sai ta yi ƙara. Manaja ya shiga, Kawu ya shiga, Auta ma yana ciki da mutanensa biyu, don su za su shafe cikin in an gama. Duk da fitilu tankin da duhu-duhu, in ka yi tari sai ya dawo maka sau uku.

Tun safe ake tura keken, layi-layi, kamar yadda shi ya taka yashin shekara ashirin baya. Shiru. Wajen ƙarfe sha ɗaya injiniyar ta sa aka yanko ƙarfe daga tsakiya, faɗin murfin ganga, aka ɗaga aka juya. Kawu ya ce ya kasa matsawa kusa sai da ta yafito shi. Ƙarfen ruwan toka ne, sumul, har lambar da masu walda suka rubuta a jikinsa tana nan ana karantawa. Yashin da ke ƙasa busasshe. Ta ɗiba ta murza a hannu, ta dubi manaja.

"Wa ke kula da wannan?"

Manaja ya waiga kamar mai neman wani a cikin taro, sannan ya ce, "Mai Mita. Ga shi nan."

"Na shiga tanki ya fi ɗari," ta ce wa Kawu. "Ban cika ganin irin wannan ba. Zan sa sunanka a rahoto. Ya kamata a turo na sauran wurare su ga yadda kake yi."

Auta ya buga hannu a cinya ya ce, "Yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya." Manaja ya ce lallai kalandar baɗi a sa Mai Mita da mitarsa. Kawu ya ce bai san sanda ya tsuguna ya kai yashin baki ba. Ba gishiri.

Wajen ƙarfe uku keken ya isa gefen katanga, ya yi ƙara. Aka ja shi baya aka sake turawa, ya sake yi. Aka yanko. Wannan karon fuskar ƙarfen duk ramuka ce, wani ramin saura ƙiris ya ɓulle, ga baƙin yashi a manne a cikinsu. Wurin da ya lalace bai fi shimfiɗar katifa ɗaya ba. Injiniyar ta ƙwaƙulo ƙwaya ɗaya da farce ta kai kusa da fitila.

"Wannan ai na kankare fenti ne. Ya aka yi ya shigo nan?"

Kawu ya buɗe baki. Auta ya riga shi.

"Mutanena ne. Shekarun baya da muka sabunta fentin nan muka tara shi a baya, muka bar shi. Laifina ne, ni ne shugabansu."

Manaja ya juyo, fuska a murtuke. Ya tambayi Auta ko ya san abin da zai faru da mai ya fara zuba ta nan, ya yi ta faɗa a gaban injiniya, a gaban mutanen Auta, tankin yana maimaita kowace kalma. Ya ce daga gobe ya miƙa makullan sito ga mataimakinsa, ya zauna a gida har a gama bincike, kuma kada ya sa rai da komawa shugabanci. Auta ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji, ya ce, "To, yallaɓai."

"Abin da na shekara ashirin ina so ke nan," Kawu ya ce mini. "An ba ni har da ƙari. Ga yabo, ga Auta kansa a ƙasa. Na tsaya ina jira in ji daɗi. Ka san abin da na ji? Haushi. Na ce dubi wannan, ko laifin ma sai da ya riga ni ɗauka."

Aka fito daga tankin. Ya koma ɗakinsa ya sauko da littafin waccan shekarar, ya buɗe shafin, ya zauna yana kallon lambobi huɗun nan har aka tashi aiki. Ba mai neman littafin, don injiniyar ta riga ta ce na shekara biyar ɗin ƙarshe sun ishe ta. In ya mayar da shi kanta, zai tafi da sunansa a rahoto da hotonsa a bango, Auta kuma ya koma riƙe bokiti a ƙarƙashin wanda shi ya koya wa aiki. Ya tafi da littafin gida, ya dawo da shi da safe, ya wuce ofishin manaja kai tsaye. Injiniyar tana ciki.

Ya ajiye shi a buɗe a kan tebur. Ya ce, "Yallaɓai, tudun nan na gan shi washegarin da aka tara shi. Wata huɗu ina kallon sa. Ga abin da mita ta gaya mini kowane wata, ga rubutuna. Masu fenti ba su san abin da baƙin yashi ke yi wa gindin tanki ba. Ni na sani, aikina ke nan."

Manaja ya ce, "To me ya hana ka magana?"

"So nake ka gani da idonka ka yi masa faɗa."

Manaja ya dube shi, ya dubi injiniyar. Ita kuwa ta jawo littafin ta bi lambobin da yatsa. Ta ce, "Ka dai rubuta su." 

Bayan kwana uku Auta ya koma aikinsa da gargaɗin baki. Kawu babba aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a shekara ashirin da shida, saura wata bakwai ya tafi. Rahoto ya fito yana cewa gindin lafiya lau in ban da faranti biyu da za a canja, ba sunan kowa a ciki. Zancen kalanda bai sake tasowa ba.

Ran da Auta ya dawo ya same shi a ɗakin bayan famfuna, wanda ya yi shekaru bai taka ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, kansa na neman taɓa sama, ya dubi kalandar da ke juye.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Ba ruwanka."

"Da ka bar shi haka. Ni ai na saba da faɗa."

"Kai? Yaushe aka taɓa yi maka faɗa?"

Auta ya jawo bokiti ya kife ya zauna. Ya ce, "Waccan shekarar fa na gan ka a wurin tudun. Ina saman matakala ina kwance igiya. Ka zo da shebur, ka soka, ka tsaya, ka zare ka tafi."

Kawu ya ce ji ya yi kamar an janye masa kujera.

"Ka gan ni, kuma ka bar shi?"

"Na ce bari in ga ko za ka zo ka yi mini magana. Ko zagi ne. Duk safiya sai na zagaya in ga ko yana nan, in ce yau dai Yaya zai zo ya ce, kai Auta, zo ka kwashe dattinka. Ba ka zo ba. Wallahi ban san yana cin ƙarfe ba. Da na ga an kwashe sai na ji kunya, na yi shiru."

"Wata huɗu."

"Wata huɗu. Ni ina jiran ka, kai kana jiran manaja."

Famfuna na gurnani a bayan bango. Can Auta ya ce, "Kai gani kake ni na more. Duk abin da na shafa, bayan 'yan shekaru ni da kaina nake kankare shi. Aikina na farko a wurin nan ko tabo bai rage ba. Kai kuwa ran nan da idona na karanta lambar masu walda ta shekara ashirin. Kuma in jikin Inna ya motsa wa take cewa a kira? Ni sai in an yi baƙi za a nuna hoto."

"To ba ni hoton, in ba ka asibitin," in ji Kawu.

Auta ya yi dariya har bokitin ya goce. Kawu bai yi ba, amma ya tura masa kofin shayinsa.

Ƙarafan nan biyu da aka yanko, ya roƙi masu walda suka rage masa su kamar faɗin littafi. Ranar da ya ajiye aiki ya naɗe mai kyaun a tawul ya kai gidan Inna. Ina nan, mahaifiyata tana nan, Auta ma ya zo. Inna ta haura tamanin, idon ya kusa tafiya. Ya durƙusa ya ɗora mata a cinya.

"Inna, kin taɓa cewa in nuna miki nawa. Ga shi."

Ta shafa shi da tafin hannu, gaba da baya, ta ɗaga shi kusa da fuska, ta auna nauyinsa.

"Sumul kuwa. Shekara nawa ka ce?"

"Ashirin, a kan ƙasa."

"Allah ya yi maka albarka." Ta ƙara shafawa. "Amma ai ba fenti. Ka ba Auta ya ɗan shafa masa fari mana."

Mahaifiyata ta toshe baki da hannu. Auta ya miƙe ya ce zai duba mota. Kawu babba ya karɓi ƙarfensa ya naɗe a hankali.

Yanzu su biyun suna kan kanta a falonsa, mai kyaun a kwance, mai ramukan a jingine a gabansa inda za a fara ganin sa. Duk wata yakan sauko da su ya goga musu ɗan mai da tsumma. Auta yana zuwa ran Asabar, su zauna a baranda su yi ta gardama kan wanda aka ba mitar, ko ya iya ko bai iya ba. Bana ma ya kawo masa kalanda. Tanki na bakwai ne a jiki, fari tas da koren zobensa. Kawu ya karɓa ya yi godiya, ya daɗe yana kallon ƙasan hoton, inda katanga ta tare gindin.

"Ko leɓen ba su ɗauka ba," ya ce.

Ya sa na nemo masa ƙusa, ya rataye ta a baranda, fuskarta na kallon bango.